Yadda Na Kai Baba Saja da Mama Sisiliya Gida

Tun da na dawo daga Kamaru ban samu na sha shayin safe cikin natsuwa ba. Da na zauna a teburin mai shayi a Ƙofar Kwaya sai wani ya jawo benci ya ce, "Lawal, wai ya ƙasar take?" In na fara, kafin in kai Gombe wani ya iso ya ce a koma farko. A shagona ma haka, masu zuwa sayen taya sun fi son labarin da tayar. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya tambaye ni in miƙa mashi.

Wanda bai san Baba Saja ba, to bai zauna unguwarmu ba. Sunanshi Bonifas, amma ba mai kiranshi haka. Ɗan ƙabilar Camba ne daga duwatsun Adamawa, kuma ɗan Katolika. Ya shiga soja yana saurayi tun Turawa ba su tafi ba, ya je Kwango, ya yi yaƙin basasa, aka yi ta yawo da shi bariki-bariki har aka kawo shi Katsina, nan ya ajiye kaki. Maimakon ya koma gida sai ya sayi fili jikin gidanmu ya gina, ya kama gadin rumfunan hatsi a Babbar Kasuwa, da shi ya sa 'ya'yanshi makaranta, maza da mata. Yanzu ya haura casa'in, amma shi ke goge kayanshi da kanshi, kuma kullum da sassafe yana dogara sanda zuwa coci daidai lokacin da muke dawowa daga sallar asuba. A bakin lungu muke haɗuwa mu gaisa.

Matarshi Mama Sisiliya ita ma Camba ce, sai dai ƙauyensu ya faɗa ta ɓangaren Kamaru. Sun haura shekara sittin tare. 'Yan shekarun nan ciwon mantuwa ya kama ta. Ta fara da mance inda ta aje ludayi, ta zo ta mance sunan jikoki, Hausar ma ta fara zube mata, sai yarensu. Daga ƙarshe shi kanshi Baba ta daina gane shi. Shi ke ba ta abinci a baki, shi ke ɗaura mata kallabi, ita kuwa sai ta dube shi ta ce, "Malam, ka ga mijina? Soja ne, ya tafi yaƙi." Shi kuma ya ce, "Yana hanya, ci abincinki." Da la'asar sai ta ƙulle tsummokara a ɗankwali ta nufi ƙofa, wai za ta gida wurin ƙanwarta Marta.

Wata safiya bayan mun gaisa, sai Baba ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Lawal, motarka tana da lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Asibiti za a je?"

"Kamaru za a je."

Na ɗauka wasa ne. Ashe ya daɗe da gama shawara. 'Ya'yanshi suka yi ta bugo waya daga Kaduna da Abuja, kowa na faɗa. Babbar ɗiyarshi, Yaya Rejina, tsohuwar ma'aikaciyar jinya wadda ke zaune da su, ita ta fi kowa tsayawa. A gabana ta ce mashi, "Baba, ka san shekarunka kuwa? In wani abu ya same ku a hanya fa?"

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa nake sauri. Marta na da rai, uwarku na kiranta kullum. In ɗaya ta riga ɗaya tafiya ba su ga juna ba, da wane ido zan dubi Ubangiji?"

Yaya Rejina ta dubi uwarta. Sai ta juyo gare ni ta ce, "Lawal, in ka yi gudu da iyayena, ni da kai ne." Da haka aka fara neman katin rigakafi da takardun mota.

Mun tashi bayan asuba, lokacin an gama girbi. Baba ya fito cikin kwat baƙa da ta sha guga, lambobin yabo jere a ƙirji, ga hular soja a karkace. Kafin in tada mota shi da Yaya Rejina suka yi alamar gicciye suka yi addu'arsu. Da suka gama ya taɓa kafaɗata ya ce, "Kai ma yi taka, hanyar da nisa." Na karanta addu'ar tafiya, ya ce amin da ƙarfi. Duk tsawon tafiyar nan shi ne ladanina. Yana zaune gaba da carbinshi na Katolika a hannu, da ya ga rana ta karkata sai ya ce, "Azahar ta yi, nemi masallaci."

Kayan nan da ya sa sun yi mamu amfani, sun kuma ja mamu ɓata lokaci. Duk shingen da muka iske sojoji, da sun leƙo sun ga lambobin sai su ƙame su sara. Amma bayan Birnin Kudu wani matashin soja ya leƙo, Baba ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce, "Yaro, wa ya koya maka ɗaurin takalmi?" Ya sa na buɗe mashi ƙofa, ya fito da sanda, ya tsaya sai da yaron ya durƙusa ya warware igiyar ya sake ɗaurawa. Ga motoci sun yi layi a bayanmu, 'yan uwan sojan suna ta ƙyalƙyala dariya. Da muka tashi tafiya har lemo suka cika mamu leda da shi. Yaya Rejina ta ce, "Baba, in haka za a yi sai Kirsimeti za mu isa."

A Gombe muka kwana, a masaukin baƙi na wata coci. Wuri ne mai tsabta, sai dai fankar ɗakina kuka take kamar akuya, kuma akwai gicciye a bango saitin gabas. Ban ce komai ba, amma mai kula da wurin da ya ga na ɗauko buta sai ya zo ya cire shi da kanshi, ya kawo mani tabarma.

Nan muka ga tashin hankalin farko. Da safe Baba ya shiga wanka, Yaya Rejina na haɗa magunguna, ni ina duba man mota. Aka waiga, babu Mama. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar tsohon nan ba sai ranar. Ya fito da singileti, ko sanda bai ɗauka ba, yana kiran "Sisi! Sisi!" Muka bazama. Ni na bi titi, ina tambayar masu mashin, ina tunanin abin da zan faɗa wa 'ya'yanshi. Can sai na hango ta bayan katanga, zaune a kan kujerar tsuguno wurin wata mai ƙosai. Ta karɓe cokalin daga hannun matar, tana sakin ƙullu a mai ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya fi wani girma. Mai ƙosan ta ce, "Tun ɗazu ta zo ta ce man bai yi zafi ba. Wallahi ta fi ni iyawa." Baba da ya iso bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan dutse yana haki, sannan ya ce a zuba mashi na mai suyar nan. A nan muka karya.

Daga Gombe hanya ta fara nuna hali. Ramuka ne da sai ka zaɓi wanda za ka faɗa. Da muka hau gadar Numan, Baba ya ce in rage gudu. Ya daɗe yana kallon ruwa. Duk zamana da shi ban taɓa jin ya yi maganar yaƙi ba, ko muna yara in muka tambaye shi sai ya kore mu. Ranar nan da kanshi ya ce, "A irin wannan ruwan na rasa abokina Garba, mutumin Daura. Kwalekwale ɗaya muka shiga. Ni na fita, shi bai fita ba." Na ce Allah ya jiƙanshi. Ya ce, "Kullum ina sa shi a addu'a. Ban sani ba ko tawa tana isa wurinku, amma ban fasa ba."

A Yola gidan wani jikanshi muka sauka. Nan na ci kifin da ban taɓa cin irinshi ba, ɗanye daga kogi, an dafa shi da yakuwa. Mu a Katsina kifi sai busasshe ko na ƙanƙara, shi ya sa na ci har na ji kunya. Muka huta sosai saboda tsofaffin, sannan muka kama hanyar Gurin.

Iyakar da nake ta zullumi, ashe sanda ce aka gitta a kan hanya, da 'yar rumfa da tuta. Ɓangarenmu ba a daɗe ba. Can ɓangaren kuwa jandarma muka iske, wato ɗan sandansu, wani dogo mai gashin baki, ya karɓi takardu ya fara zuba mani Faransanci. Ni abin da na sani a Faransanci bai wuce gaisuwa ba, na yi mashi ita har sau uku. Ya koma Fillanci. Kakata Bafulatana ce, amma ko kalma ban gada ba. Sai wata mai sayar da gyaɗa a gefe ta taso ta zama tafinta.

Komai ya tafi daidai sai da ya zo kan Mama. Ya duba katinta, ya ce ta faɗi sunanta da bakinta. Ta ƙi. Ta ƙura wa kakinshi ido, sannan ta kama hannun rigarshi ta ce, "Ka ga mijina? Soja ne."

Mai gyaɗa ta fassara. Jandarman ya dubi Baba da ke tsaye da lambobinshi, ya buɗe baki zai nuna shi. Baba ya ɗan girgiza kai. Mutumin ya sake duban Mama, sannan ya sunkuyo ya yi magana a hankali. Mai gyaɗa ta ce, "Wai ya gan shi. Yana gaba, ki bi hanyar nan za ki iske shi." Ya buga hatimi, ya ɗage sandar da hannunshi, ya sara wa Baba.

Daga nan kwalta ta ƙare. Muka zo wani rafi da ya ƙafe, na ce ai ni direba ne, na danna. Mota ta nutse cikin yashi har ciki. Mutanen wani ƙauye suka fito, maza da mata, suka yi ta tura mu suna waƙa, Baba na zaune a inuwa yana ba da umarni kamar a fareti. Da muka fita, ƙishi ya ishe ni, sai wata mata ta miƙo mani ƙwarya da wani abu ja-ja. Na ɗauka kunun dawa ne, na yi bisimilla, har na kai baki. Sai na ji sandar Baba a hannuna.

"Aje! Wannan ba naka ba ne."

Ashe burkutunsu ce. Matar ta ruɗe tana ta ba da haƙuri, ta ruga ta kawo ruwa da zoɓo. Baba kuwa ya karɓi ƙwaryar ya kurɓa, ya lumshe ido. Yaya Rejina ta ce, "Baba, hawan jini!" Ya ce, "Ba a mayar wa mutane da kyauta."

Da yamma muka isa ƙauyen, a gindin dutse. Labari ya riga mu, mutane sun taru. Aka fito da Inna Marta, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, idonta ya kusa tafiya. Aka kai ta gaban Mama. Mama ta dube ta kamar yadda take duban kowa, ba alamar sani. Na ga Yaya Rejina ta juya baya tana share ido, ni ma na ce a raina duk wahalar nan ta tashi a banza. Sai Inna Marta ta lalubo fuskar yayarta da hannu biyu, ta kira ta da wani suna na yarinta wanda ko Yaya Rejina ba ta taɓa ji ba. Mama ta amsa. Amsawa irin ta wadda aka kira daga cikin ɗaki. Sai ta fara magana, tana yi tana ƙarawa, kamar an ɓalle famfo. Na tambayi Baba me take cewa. Yana dariya hawaye na zuba ya ce, "Faɗa take mata. Wai ta bar awaki sun shiga gonar babansu."

Sati muka yi niyya, kuma na ga abubuwa. Gaisuwarsu gajera ce, hannu ɗaya, kalma biyu, an gama. Ni da na saba sai na tambayi gida da iyali da gajiya da kasuwa, sai in ga mutum ya riga ya yi nisa ina ta magana ni kaɗai. Maza da mata tare suke zama cin abinci. Burodinsu dogo ne kamar sanda, mai tauri, ana kawo shi daga gari a ɗaure bayan mashin ba ko leda. Kaburburansu kusa da coci suke, da suna a rubuce, mutum ya je ya share na uwarshi ya zauna yana mata hira, ba kamar mu da muke binnewa mu bar wa Allah ba. Amma wajen baƙo ba su bar mu a baya ba. Da za a yanka akuya sai da aka zo aka kira ni aka miƙa mani wuƙa, aka kuma ware mani tukunya sabuwa. Akwai Fulani a gefen ƙauyen, can nake zuwa jam'i.

Mama kuwa ta canza. Ta daina ƙulle kaya da la'asar. Tana zama da ƙanwarta suna ɓarar gyaɗa, tana cin tuwo da hannunta.

Ranar Lahadi aka buga ƙararrawa, wadda ba komai ba ce illa tsohon ƙarfen tayar babbar mota da aka rataye a bishiya. Cocin ginin ƙasa ne da rufin kwano, a nan aka ɗaura wa Baba da Mama aure. Ni na zauna waje a ƙarƙashin mangwaro inda nake hango ciki ta taga. Baikonsu, wato sadakar coci, da rawa ake kai shi, wannan da damin dawa, wannan da kaza, wata da ƙwai a ƙwarya, ana kiɗa ana guɗa. Can sai fada, wato limaminsu, ya kira Baba da Mama gaba don ya sa wa aurensu albarka. Baba ya miƙe ya gyara kwat, ya kamo hannunta. Mata suka ɗauki wata tsohuwar waƙa da yarensu, sai ga bakin Mama na bi. Da suka tsaya gaban fada, ta juyo ta dube shi, ta daɗe tana dubanshi. Cocin ya yi tsit, har daga waje na ji ta, kuma da Hausa ta yi maganar.

"Boni, ka dawo?"

Ya ce, "Na dawo, Sisi."

"Ka rame."

Coci ya ɗauki dariya da kuka lokaci guda. Kafin a tashi ta sake mance shi. Amma shi ranar nan ko sanda bai nema ba.

Washegari ina wanke mota don shirin komawa, sai Baba ya zo ya zauna kusa da ni, ya sa aka kira Yaya Rejina. Ya ce, "Ni ba zan koma ba."

Yaya Rejina ta ce, "Baba, me kake faɗa? Gidanka fa? Likitanka, fanshonka, abokanka? A nan ko wuta babu!"

Ya bari ta gama. Sannan ya ce, "Rejina, na ɗauko yarinyar nan daga gindin dutsen nan ba ta san kowa ba. Ta bi ni Kaduna, ta bi ni Inugu, ta bi ni Katsina. Na tafi yaƙi na bar ta da ku a ɗaki ɗaya, ba ta taɓa cewa a maida ta gida ba sai da hankalinta ya tafi. Kin ga yadda take barci a nan. Ta bi ni iya bi. Yanzu ni zan bi ta."

Ni dai na ci gaba da goge gilashin da na riga na goge. Aka yi ta waya da sauran 'ya'yan daga kan wani dutse inda ake samun layi, daga ƙarshe aka shirya: Yaya Rejina za ta zauna da su tukuna, jikan nan na Yola zai riƙa kawo magani, sauran su riƙa zuwa bi da bi.

Ranar da zan taho Baba ya rako ni har bakin rafin. Ya ba ni makullin gidanshi ya ce in riƙa ba lemon tsaminshi ruwa, in kuma bi gida-gida in gaida mutanen unguwa, in roƙar mashi gafara wurin duk wanda ya taɓa saɓa wa. Na ce, "Baba, mu ne za mu roƙe ka." Na durƙusa, ya dafa kaina ya yi mani addu'a irin tasu, na ce amin. Na daɗe ina hango shi a madubi, tsaye ƙyam da hularshi.

Satin da ya wuce ya kira ni. Yara ne suka taimaka mashi ya hau dutsen. Muka gaisa tun daga iyali har kasuwa har gajiya, ya ce, "Yawwa, haka ake gaisuwa. Mutanen nan ba su iya ba, amma ina koya masu." Ya ce ya sa an gyara igiyar ƙararrawa, ya ce in aiko mashi da kilishi da goro in an samu mai zuwa. Muna cikin haka sai na jiyo muryar Mama daga ƙasa tana tambaya wa ke nan. Ya ɗaga murya ya ce, "Lawal ne, na Katsina!"

Na jiyo ta tana mayar mashi da magana. Sannan ya dawo kan waya yana dariya.

"Ta ce ba ta san ka ba. Amma wai in tambaye ka ko ka ci abinci."